Zuwa Ga Wanda Zai Sa Rigar

Ban san sunanka ba.
Kai kuwa za ka ga nawa a wuyan rigar,
an ɗinke shi a ɗan farin ƙyalle:
Hansai Talle, Ɓaɓura.
Ba ma cikin garin ba,
sai ka wuce kasuwa, ka bi burtali
har ka ga kukoki biyu sun jingina da juna.

Audugar daga bayan gidanmu take.
Damina huɗu ke nan ba ta ga feshi ba,
tun ranar da Talle ya dawo da tanki a baya,
idanunsa jawur kamar gauta,
ya kwana uku yana amai,
kaji biyu suka sha ruwan wankin hannunsa, ba su kwana ba.
Daga nan sai jiƙon darbejiya da barkono,
sai toka, sai takin awaki.
Tsutsa tana cin rabonta, ba mu hana ta duka ba.
Maƙwabta buhu goma, mu shida.
Suna dariya.
Har yau dai Talle ke zura mini zare a allura.

Ni na gurje ta, angurya ta tafi bakin saniya.
Inna Barmani ta shiɓe,
ta kaɗa da mazarin da ya girme ni,
yatsunta fari fat da alli,
tana kaɗi tana faɗa da jikoki.
In ka ji zaren ya yi kauri a wani wuri,
nan ne aka yi sallama ta ɗaga kai.

Mai sayen ta zo da waya,
ta nuna mini wani fure mai ninki bisa ninki,
wai shi ake so a can.
Na juya wayar sama, na juya ƙasa.
Na ce, Hajiya, furen da ban taɓa gani da raɓa ba,
hannuna bai san inda zai lanƙwasa shi ba.
Sai na saƙa wanda na sani:
furen auduga,
da hantsi kalar man shanu,
gobe ya koma ja,
jibi ya faɗi ya bar wa ɗa wuri.
Gangamau ya ba ni na hantsi,
karan dafi ya ba ni na gobe,
ganyen kuwa baba ne aka maimaita kan rawaya.
A hannun hagu akwai furen kuɓewa guda.
Ba a ce in sa ba.

Kwana goma sha ɗaya,
bayan tuwo, bayan wanke-wanke,
tsinkaye biyu suna hira a hasken fitilar sola
har ta fara lumshe ido.
Kuɗin a tafina aka ƙirga,
gaban matan ƙungiya, babu dillali a tsakani.
Ni da Ladidi muka haɗa muka sayi tunkiya,
rabi nawa, rabi nata, ba mu ce gaba ko baya ba.
Ban ce ya ishe ni ba.
Na ce dai ba a cuce ni ba.

Duba wajen ƙugu:
akwai fure mai kunne huɗu maimakon biyar.
Daren nan ne zazzaɓi ya kama Sa'a,
ina saƙa da hannu, ina jijjiga da ƙafa.
Mai dubawa ya ce in warware.
Na ce ya je gona ya ƙirga,
in duk biyar-biyar ne, ya dawo.
Ya yi shiru, ya ninke ta.

Ka wanke ta da ruwan sanyi.
Kada ka murɗe ta, ba ta yi maka laifi ba.
Shanya a inuwa, a kwance,
rana ta riga ta karɓi nata tun a gona.
In ta tsufa, gwiwar hannu ta ɓule,
kada ka ƙone.
Tona rami ka sa ta.
Ƙasa ta san ta.

Ragowar zaren yana cikin ƙwarya a kan gado.
Bai kai riga ba.
Zai kai hular Sa'a, in na ƙi sa mata kunnuwa.